Gwanayen Magana da Masu Kwaikwayonsu

Cikin shekara ta 1975 waɗansu mutane biyu na ƙasar Amurka, Richard Bandler da John Grinder, suka buga wani littafi wanda ma'anar sunansa da Hausa ita ce Ginin Sihiri. Ba littafin tsafi ba ne, ko da ya ke sunan ya yi kama da haka. Abin da suka ce a ciki shi ne, akwai waɗansu mutane masu baiwar magana, waɗanda in mai baƙin ciki ya zauna gabansu sa'a guda sai ya tashi da farar zuciya, har masu kallo su ce sihiri ne. To, su biyun nan suka ce ba sihiri ba ne, gini ne kamar ginin soro, yana da tushe da tubali da azara. In aka kwance shi aka ga yadda aka jera, kowa na iya gina irinsa.

Daga wannan littafi ne wata dabara ta tsiro wadda Turawa ke kira da haruffa uku, NLP. Harafin farko yana nufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, na biyu harshe, na uku tsarawa, watau tsara tunanin mutum ta hanyar harshe. Yanzu ta gama duniya, har a manyan biranen Nijeriya a kan tara mutane a otal, a karɓi kuɗinsu, a koya musu ita cikin 'yan kwanaki, a ba su takardar shaida. Mai sayar da haja yana so, ɗan siyasa yana so, mai ciwon zuciya kuwa, wanda ya fi kowa bukata, shi ne ya fi kowa saurin kwance bakin jakarsa.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan duka tsohuwa ce. Shin gwanintar baki ana iya cire ta daga bakin mai ita a zuba wa wani? Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun ba baƙi ba ne ga wannan tambaya, gama ƙasarsu ta ga gwanayen magana iri biyu, masu wa'azi da makaɗa, ta kuma ga yadda a ke gadonsu. Gara a fara da su, sa'an nan labarin Amurka ya fi saurin shiga kunne.

Wa'azin Shehu a Zamfara

An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo cikin 1754, ya kuwa fara wa'azi yana da shekara kamar ashirin. Da ya yi 'yan shekaru yana karantarwa a Dagel, yana zagawa har Kabi, sai ya shiga Zamfara ya yi wajen shekara biyar yana kiran mutane. Cikin wuraren da ya zauna akwai Faru, wadda ke cikin ƙasar Maradun a yau. Zamfara ta lokacin nan ƙasa ce da aka karya. Tun zamanin Sarkin Gobir Babari aka ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka kafa Alƙalawa, Zamfarawa suka watsu, kowane gari yana ta kansa. Mutanen da aka ci da yaƙi, a ke kuma tatsarsu da haraji, kunnensu a buɗe ya ke ga wanda zai gaya musu cewa akwai shari'ar da ta fi ta sarki.

Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya zama Sarkin Musulmi daga baya, ya tashi yana kallon mahaifinsa a majalisi, ya kuwa rubuta abin da ya gani cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya gama cikin 1812. Ya nuna cewa in Shehu zai fito ga jama'a ya kan tsaya kaɗan a keɓe, ya yi wata magana a hankali, kana ya fito. Da Bello ya tambaye shi, sai ya bayyana masa cewa niyya ya ke sabuntawa, yana kuma roƙon Allah ya fahimtar da masu sauraro. In ya iso ya kan yi sallama da murya wadda kowa zai ji, fuskarsa a sake. Ya kan nemi a yi shiru. Ba ya fushi da mai tambayar wauta, sai ya tsaya ya ba shi amsa. Ya kan yi wa mutane bayani da harshen da su ke ji, Bafillace da Fillanci, Bahaushe da Hausa.

Mai neman dabara yana iya tsince abu huɗu daga nan ya rubuta a allo: saki fuska, ɗaga murya, yi haƙuri da mai tambaya, yi magana da harshen mai sauraro. Duka ana iya kwaikwayonsu cikin yini guda, lalle kuwa suna da amfani. Amma tsayuwar nan ta kafin fitowa ba ta da sura wadda ido zai kama. Mai kwaikwayo yana iya tsayawa bayan ƙofa yana motsa leɓe, ba abin da ya samu sai tsayuwar.

Abin da ya faru a Magami, kusa da Faru, shi ke nuna inda nauyin maganar ya fito. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa can ranar Babbar Salla, ya yi musu kyauta. Ana cewa rabon Shehu miskali 500 ne na zinariya. Shehu ya ce shi da jama'arsa ba su bukatar dukiyar sarki, abu biyar kaɗai ya ke roƙo: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya so amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke ɗaure, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. Bawa ya riga ya tsufa, ya kuma ga yawan malaman da suka tsaya bayan Shehu. Ya yarda da duka biyar. Da wani malamin ya cusa zinariyar cikin aljihu kana ya faɗi waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya sāke ko harafi ba, da fadawa sun yi masa dariya. Shekara goma sha huɗu ta wa'azi da zinariyar da aka bari a ƙasa, su suka yi magana a Magami.

A Matuzgi kuma, kusa da Talata Mafara, wani abokin Shehu, Malam Muhammadu Tukur, ya zauna ya rubuta littattafai a kan addu'o'i da magunguna. Wanda ya ɗauki alƙalami ya rubuta duka biyu, ya san kowanne da wurinsa.

Makaɗan Bakura da Maradun

Gwanaye na biyu su ne makaɗa. Ba a haɗa su da malamai cikin daraja, Shehu da almajiransa ma sun soki yawancin kiɗe-kiɗen fada. Amma ga sanin yadda kalma ke shiga jikin mutum ta motsa shi, da wuya a sami wanda ya fi su.

A dubi makaɗin noma ran gayya. Rana ta take, samari sun gaji, garma ta yi nauyi. Sai makaɗi ya matso bayan wani saurayi, ya sāke hannu a ganga, ya kira sunansa da na ubansa da na kakansa, ya tuna masa damin da gidansu ya ɗaure a wata shekara, ya kuma yi habaici ga na kusa da shi wanda ya fara wuce shi. Saurayin nan da a ke gani kamar zai faɗi sai ya sunkuya, ƙura ta tashi, ya kai bakin gona kafin kowa. Ba a ƙara masa fura ba, ba a sāke masa garma ba. Haka ɗan dambe in ya ji takensa. Waɗanda suka ga Shago a fage sa'ad da Ɗan Anace ke masa waƙa sun san abin da a ke kira tsuma: jiki na rawa, ido ya juya, mutum ya manta da tsoro.

Daga irin wannan gida Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya fito. An haife shi a ƙasar Bakura wajen 1909. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin noma ne, yana kuma yi wa Sarkin Kayan Maradun kiɗa. Musa ya fara bin ubansa tun yana ɗan shekara shida ko bakwai. Ana cewa sunan nan ma ya samo shi ne daga wani yaron gidansu mai zaƙin murya, Ƙwairo, wanda aka ga muryar Musa ta yi kama da tasa. Watau tun farkon tashinsa da kwaikwayo ya fara, ba kuwa abin kunya ba ne, gama kowane makaɗi haka ya ke farawa. Da uban ya rasu jagorancin kiɗa ya koma hannun wansa, Kurna, shi kuwa Musa ya zama Daudun Kiɗi, mai bi masa. Bai tsaya da kansa a gaban 'yan amshi ba sai da ya manyanta. Daga nan sunansa ya kai fadar 'Yandoton Tsafe, ya kai ga Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, a zamanin da kowace jam'iyya ke neman mawaƙin da zai ɗaga ta ya kuma kwantar da abokiyar hamayya.

Me yaro ke koyo cikin waɗannan shekaru masu yawa? Kiɗan kotso ba ya cin shekara ashirin, haka karɓin gindin waƙa. Abin da ke cin lokaci shi ne sanin mutane. Sai ya san salsalar kowane gidan sarauta, wa ya haifi wa, wa ya nemi sarauta ya rasa, wane ɗan sarki ne ke jin haushin wane. Sai ya san zambon da zai sa fada ta fashe da dariya, da wanda zai sa a kore su daga gari kafin magariba. Sai ya koyi karanta fuskar sarki, ya gane ran da a ke son zuga da ran da a ke son a yi shiru. Wannan ilmi ba a iya ɗaukarsa a kai wani gari a yi aiki da shi nan take. Makaɗin da ya san Maradun kamar tafin hannunsa, in ya sauka wata fada sai ya nemi wani tsoho ya zauna da shi ya sha labari tukuna.

Take ma haka ya ke. Taken Shago ba ya tsuma kowa sai Shago. In aka kaɗa shi gaban baƙon da bai taɓa jinsa ba, sauti ne kawai. Ƙarfinsa ya taru ne daga kowane fage da aka kaɗa shi mai shi ya yi kisa, da idon jama'ar da suka san abin da ya ke nufi. Makaɗa kuma ba su taɓa cewa kirari na sa gero ya yi ba ruwa ba. 'Yan dambe nawa suka sha ƙasa ana cikin kaɗa musu takensu?

Yadda abin ya fara a Kalifoniya

Yanzu a haye teku. A garin Santa Cruz na jihar Kalifoniya akwai jami'a, nan Richard Bandler, wanda aka haifa cikin 1950, ya ke ɗalibi a farkon shekarun 1970. Ya sami aiki wurin wani mai buga littattafai, aikin kuwa shi ne ya saurari maganganun wani likita da aka ɗauka a na'ura, ya mai da su rubutu. Likitan nan, Fritz Perls, mutumin Jamus ne wanda ya yi suna wajen yi wa masu damuwa magani da zance, ya kuwa rasu cikin 1970. Bandler ya yi ta sauraro har ya fara magana kamar Perls, ya fara tara ɗalibai yana yi musu irin abin da Perls ke yi, shi da wani abokinsa, Frank Pucelik. Suka ga kamar abin yana ci, amma ba su san dalili ba. Sai suka gayyato wani malamin jami'ar, John Grinder, masanin ilmin harshe, wanda ya girmi Bandler da shekara goma, ya zo ya zauna ya lura.

Suka ƙara da wata mace, Virginia Satir, gwanar sasanta mutanen gida ɗaya in zamansu ya ɓaci. Sa'an nan wani dattijon masani maƙwabcinsu, Gregory Bateson, ya tura su garin Phoenix na jihar Arizona wurin Milton Erickson, likitan masu taɓin hankali. Erickson mutum ne abin mamaki. Shan-inna ya kwantar da shi yana da shekara 17, ya daɗe ba ya iya motsi, ba shi da aiki sai kallon mutanen gidansu da sauraron yadda bakinsu ke cewa i alhali jikinsu na cewa a'a. Da ya zama likita ya shahara wajen sa mutum cikin wani irin gyangyaɗi da magana kaɗai, inda mai jinya ke jin abin da a ke faɗa amma hankalinsa ya tattaru wuri guda. Ya kan ba da labari kamar mai tatsuniya, ya bar mai ciwo ya tsinci kansa a ciki. Bandler da Grinder suka saurare shi, suka rubuta littafi biyu a kan salon maganarsa, cikin 1975 da 1977.

Tushen koyarwarsu sun aro shi daga wani masani ɗan asalin ƙasar Polan, Alfred Korzybski, wanda ya buga babban littafinsa cikin 1933. Shi ya kwatanta abin da mutum ke riƙe da shi cikin kansa game da duniya da taswira. Duk wanda ya taɓa bin safiyo ya san taswira na iya nuna hanya inda fadama ta ke. Suka ce yawancin wahalar mutum daga taswirar ta ke, taswirar kuwa tana fitowa cikin maganarsa ta hanya uku: ya kan bar wani abu bai faɗa ba, ya kan karkatar da wani, ya kan kuma yi wa abubuwa kuɗin goro. Aikin mai taimako shi ne ya yi tambayar da za ta dawo da abin da ya ɓace. In mutum ya ce kowa ya ƙi shi, sai a ce, "Kowa da kowa? Har wanda ya ba ka tabarmar da ka ke zaune a kai?" In ya ce ba ya iyawa, sai a ce, "Me ya hana ka? In ka yi, me zai faru?" Wannan sashe shi ne mafi kyau cikin aikinsu, duk alƙalin kirki kuwa da duk tsohuwar da ta iya sasanta kishiyoyi suna yin irinsa ba tare da sun ba shi suna ba.

Suka ƙara waɗansu dabaru. Ɗaya ita ce ka daidaita zamanka da numfashinka da muryarka da na wanda ka ke magana da shi, har ya saki jiki da kai. Wata kuma ita ce a sa mutum ya tuna ranar da ya fi jin ƙarfin zuciya, sa'ad da tunawar ta cika sai a taɓa masa kafaɗa ko a faɗi wata kalma, a yi ta maimaitawa, domin daga baya taɓawar kaɗai ta dawo masa da ƙarfin zuciyar. Asalin wannan yana ga Pavlov na Rasha, wanda ya nuna cewa kare na iya zubar da miyau saboda wani sauti in ya saba jinsa tare da abinci. Mutumin Bakura ba ya bukatar dogon bayani a nan, take ne su ke so su ƙera. Bambancin shi ne, taken da fage ya gina cikin shekaru su suna so su gina shi cikin minti goma a ɗaki.

Akwai kuma wadda suka fi tinƙaho da ita. Suka ce mutane kashi uku ne: masu tunani da gani, masu tunani da sauraro, da masu tunani da abin da jiki ya taɓa. Wai ana gane kashin mutum daga kalmomin da ya ke yawan faɗa da inda ya ke juya ido in yana tunani, in kuwa aka yi masa magana da irin kalmomin kashinsa sai ya miƙa wuya. Cikin 1979 aka tattara laccocinsu aka buga wani littafi wanda ya sayu ƙwarai, a ciki suka yi alkawarin raba mutum da tsoron da ya daɗe da shi cikin ƙasa da sa'a guda. Waɗansu mabiyansu ma suka wuce nan, suka shiga da'awar warkar da cututtukan jiki.

Da aka ɗora a ma'auni

Al'adar masu binciken ilmi ita ce, in ka ce maganinka na aiki, sai a raba mutane kashi biyu, a ba waɗansu a hana waɗansu, a ƙirga. Bandler da Grinder ba su yi wannan ba, suka ce su abin da ke aiki su ke nema, ba dalilinsa ba. Sai waɗansu suka yi musu. Cikin 1984 wani masani, Christopher Sharpley, ya tattara bincike 15 da aka yi a kan maganar nan ta kashi uku, ya ga ba ta da madafa. Ya sāke dubawa cikin 1987 da ƙarin bincike, amsa ba ta sāke ba. Sojan Amurka ma sun so su sani ko dabarar za ta amfane su, suka sa wani kwamiti na manyan masanan ƙasar ya duba, cikin 1988 kwamitin ya ce bai sami hujjar da ke nuna tana yin abin da a ke faɗa ba. Cikin 2012 Richard Wiseman da abokan aikinsa suka ɗauki hoton masu faɗin gaskiya da masu ƙarya, suka ƙirga juyin idonsu, domin masu koyar da dabarar da yawa suna cewa ido na tona maƙaryaci. Ba su ga wani bambanci ba. A wannan shekara kuma wata mujallar likitocin Birtaniya ta duba bincike 10 a kan amfaninta ga marasa lafiya, ta ce hujjar ba ta kai a kashe kuɗin asibiti a kanta ba.

Bahaushe ma yana da tasa tambaya wadda ba ta bukatar jami'a. An gina maganar kashi uku a kan kalmomin Ingilishi, inda sauraro da taɓawa da sansana da ɗanɗano kowanne ke da kalmarsa. A Hausa fa? Mutum ya ji kira, ya ji sanyi, ya ji wari, ya ji zaƙi, ya ji tausayi, ya ji Larabci. Ban da gani, kusan kome ji ne. In mai takardar shaida ya zauna kasuwar Talata Mafara yana ƙirga kalmomin mutane domin ya raba su kashi uku, wane kashi zai sa mai cewa ya ji? Abin da aka ce halittar ƙwaƙwalwar ɗan Adam ce, sai ga shi ya yi kama da halin harshe guda.

Wannan ba ya nufin duk wanda ya ce ya amfana ƙarya ya ke yi. Mutumin da ya shekara ba wanda ya saurare shi, in ya sami mai zama da shi, mai sakin fuska, mai yi masa tambaya a hankali, lalle zai ji sauƙi, ko da wane suna aka kira zaman. Dabarar nan tasu ta sāke wa abu fuska, watau a taimaki mutum ya dubi abin da ya same shi ta wani gefe, tana da amfani ga ƙananan ɓacin rai. Amma tana da iyaka, mutanen wannan yanki kuwa sun san iyakar. Sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori cikin 1978, gonaki da gidaje suka shiga ƙarƙashin ruwa, manoma suka yi ta jiran diyya ana ba su baki. Da suka gaji suka tare hanyoyi, cikin Afrilu 1980 aka aiko 'yan sanda, aka kashe mutane da yawa. Manomin da gonarsa ke ƙarƙashin ruwa ba taswirar kansa ce ta ɓaci ba, ƙasar ce ta tafi. Koyarwar da ke cewa kowace wahala daga tunanin mai ita ta ke, tana yi wa mai ƙarfi daɗi, gama tana ɗauke laifi daga kansa ta ɗora wa wanda aka cuta.

Akwai kuma abin da masu kwaikwayon suka bari a baya. Sun ɗauki kalmomin Erickson da yadda ya ke jan murya, amma Erickson ya yi karatun likita, ya kuma shekara fiye da arba'in yana ganin marasa lafiya kafin su iso ƙofarsa. Ya san wanda labari zai isa, ya san wanda sai an kwantar a asibiti. Satir ta zauna da iyalai masu yawan gaske kafin Bandler ya kunna na'urarsa gabanta. Sun ɗebo abin da na'ura ke iya kamawa, kamar mai zuwa fadar Maradun ya rubuta gindin waƙa ya koma gida yana cewa ya zama Ɗanƙwairo.

Su kansu masu dabarar, waɗanda ke koya wa duniya yadda a ke jawo zuciyar mutum, ba su iya jawo ta juna ba. Wajen 1980, shekarar da Erickson ya rasu, suka rabu. Bandler ya kai Grinder ƙara cikin 1981 a kan wa ke da ikon cin amfanin sunan, ya sāke kai shi cikin 1996. Shari'a ta yi ta ja har 2000, sa'an nan suka sa hannu a takarda cewa su biyu ne suka ƙago ta tare. Tun da ya ke ba wanda ya mallaki sunan shi kaɗai, ba kuma wata hukuma guda mai tantance masu koyarwa, sai ƙungiyoyi suka yi yawa, kowace tana buga tata takardar shaida. Koyarwar da a farko ta kan ci wajen kwana ashirin, waɗansu suka mai da ita kwana bakwai.

Ɗanƙwairo ya rasu cikin 1991, yana da shekara fiye da tamanin. 'Ya'yansa, waɗanda suka daɗe tsaye a bayansa suna karɓi, su suka ɗauki kotso suka ci gaba da kiɗan gidan.